Ƙungiyar Americans for Prosperity da Kuɗin Gidan Koch: Nazarin Lamari

A ranar 1 ga Mayun 2018 mazauna birnin Nashville, fadar jihar Tennessee ta Amurka, suka fito kaɗa ƙuri'a a kan wani shirin sufuri na dala biliyan 5.4. Shirin ya ƙunshi shimfiɗa layin jirgin ƙasa na cikin gari, da haƙa rami a ƙarƙashin tsakiyar birni, da ƙara yawan motocin bas, kuma da ƙarin harajin saye da sayarwa za a biya mafi yawan kuɗin. Birnin na bunƙasa, cunkoson motoci ya ishi kowa, manyan 'yan kasuwar garin suna goyon baya, don haka da farko an ɗauka shirin zai wuce salin alin. Sai ga wasu matasa sun bazu cikin unguwanni riƙe da ƙananan kwamfutocin hannu. Ba kowane gida suke shiga ba. Na'urar ce ke nuna musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa, domin tana ɗauke da bayanan masu zaɓe, ta kuma riga ta tace waɗanda ake jin za su ƙi ƙarin haraji idan aka ɗan zuga su. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa sun buga waya kusan sau 42,000, sun ƙwanƙwasa ƙofofi fiye da 6,000. Da aka ƙidaya ƙuri'u, kusan kashi 64 cikin ɗari sun ce ba sa so.

Ba su kaɗai suka kayar da shirin ba. Magajiyar garin, Megan Barry, wadda ita ce uwar shirin, ta yi murabus a watan Maris na shekarar saboda wani abin kunya, kuma akwai unguwannin da tun asali suke ganin layin ba zai amfane su ba. Amma su waɗannan matasan wa ya aiko su, wa ya sayi na'urorin, wa ke biyan albashin masu tsara su? Sunan da ke jikin takardunsu shi ne Americans for Prosperity, a taƙaice AFP. Wanda ya buɗe musu ƙofa iyakar abin da zai iya sani ke nan, domin doka ba ta tilasta wa wannan ƙungiya ta faɗi masu ba ta kuɗi ba.

Tushen ƙungiyar yana birnin Wichita na jihar Kansas, inda kamfanin Koch Industries yake da hedikwata. Fred Koch ne ya kafa harsashinsa da sana'ar tace mai, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar John Birch Society mai tsattsauran ra'ayin riƙau a 1958. Ɗansa Charles ya karɓi ragama a 1967, ya mayar da kamfanin ɗaya daga cikin mafiya girma a Amurka cikin waɗanda ba a sayar da hannun jarinsu a kasuwa: matatun mai a Minnesota da Texas, bututun mai, takin zamani, sinadarai, sannan a 2005 ya sayi kamfanin takarda da katako na Georgia-Pacific a kan dala biliyan 21. Cinikin shekara ya haura dala biliyan 100. Charles da ƙanensa David kowannensu ya mallaki kusan kashi 42 cikin ɗari.

'Yan'uwan biyu sun fara gwada siyasa a fili. A 1980 David ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa a jam'iyyar Libertarian, wadda ke neman a rage hannun gwamnati a kusan komai, suka tashi da kashi ɗaya cikin ɗari na ƙuri'u. Daga nan suka sauya dabara. A 1984 suka kafa wata ƙungiya mai suna Citizens for a Sound Economy, wadda ta rabu gida biyu a 2004, ɗaya ɓangaren ya zama FreedomWorks, ɗayan kuma AFP, mai ofishi a Arlington ta jihar Virginia, ƙetaren kogi daga Washington. David ya shugabanci hukumar gidauniyar ƙungiyar shekara da shekaru, kuma a wani taronta na 2009 ya faɗa da bakinsa cewa shi da wansa ne suka ba da kuɗin kafa ta. Saboda haka alaƙar ba ɓoyayya ba ce. Abin da ke ɓoye shi ne nawa ke shigowa kowace shekara, daga hannun wa, kuma su wane ne sauran attajiran da ke zuba nasu.

A nan ne dokar haraji ta shigo. AFP tana da rajista a ƙarƙashin sashe na 501(c)(4) na kundin harajin Amurka, sashen da aka keɓe wa ƙungiyoyin kyautata jin daɗin jama'a. An yi shi ne saboda irin ƙungiyoyin unguwa da na 'yan kwana-kwana masu aikin sa kai. Irin wannan ƙungiya ba ta biyan haraji a kan abin da ta tara, tana iya kamun ƙafa a majalisa iya son ranta, kuma ba sai ta wallafa sunayen masu ba ta gudummawa ba. Dokar da majalisa ta rubuta ta ce aikinta ya zama na jin daɗin jama'a zalla. Amma ƙa'idar da ma'aikatar kuɗi ta fitar a 1959 ta sassauta, ta ce ya isa idan shi ne babban aikinta. Lauyoyi suka fassara wannan da cewa muddin kuɗin kamfe bai kai rabin abin da aka kashe ba, an tsira. Ragowar rabin kuwa ana iya cika shi da tallan "wayar da kai", irin wanda zai shafe daƙiƙa talatin yana caccakar sanata, amma ba zai ce kada a zaɓe shi ba, sai dai ya rufe da cewa a buga masa waya a gaya masa ya daina ɓarnar kuɗin jama'a. Kusa da ita kuma akwai 'yar'uwarta AFP Foundation, mai rajistar sadaka a sashe na 501(c)(3), wadda mai ba ta kuɗi ke iya cire abin da ya bayar daga kuɗin shigar da za a yanka masa haraji a kai. Ita ke horar da 'yan gwagwarmaya da shirya tarukan ilimantarwa.

Hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Citizens United, a Janairun 2010, shi ya buɗe ƙofar gaba ɗaya. Kotun ta ce ba za a hana kamfanoni da ƙungiyoyi kashe kuɗi a kan zaɓe ba muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba. Abin lura shi ne alƙalai takwas cikin tara a wannan hukuncin sun amince a riƙa bayyana masu kashe kuɗin, har Mai Shari'a Anthony Kennedy ya kafa hujja da cewa a zamanin intanet jama'a za su san mai magana nan take. Hakan bai faru ba, domin kuɗin ya bi ta ƙungiyoyin 501(c)(4). A 2012 kaɗai AFP ta kashe kusan dala miliyan 122, fiye da duk abin da ta kashe tun kafuwarta a haɗe.

Ba aljihun gidan Koch kaɗai ke ciyar da ita ba. Tun 2003 Charles yake shirya taron attajirai sau biyu a shekara, galibi a wani wurin shaƙatawa a hamadar Kalifoniya ko a tsaunukan Colorado, kuma kujerar zama memba tana farawa daga alkawarin dala 100,000 a shekara. 'Yan siyasa masu neman tsayawa takara sukan je su gabatar da kansu. A taron Janairun 2015 aka sanar da kasafin dala miliyan 889 na zagayen zaɓen 2016, adadin da ya yi kusa da abin da kowace daga manyan jam'iyyun ƙasar biyu, Republican da Democrat, ke kashewa. Kuɗin ba ya tafiya kai tsaye. Yakan fara sauka a wata ƙungiyar mai rajistar haɗakar 'yan kasuwa, a lokacin ana kiranta Freedom Partners, daga nan a rarraba shi, wani lokaci ta hannun ƙananan kamfanoni masu sunayen da ba su wuce jerin haruffa ba. Ɗan jaridar da ya bi sawu ta takardun haraji, waɗanda su ma sai bayan shekara guda ko fiye suke fitowa, yakan isa ga sunan wata ƙungiyar ne, ba na mutum ba.

Masu kallon siyasar Amurka daga nesa sukan zuba ido a kan zaɓen shugaban ƙasa, kuma a can ɗin tarihin AFP ba na nasara ba ne. Ta yaƙi Barack Obama a 2012, ya ci. A 2016 gidan Koch ya ƙi mara wa Donald Trump baya saboda saɓani a kan harajin shigo da kaya da batun baƙin haure, ya ci ba da su ba. A Nuwamban 2023 reshen ƙungiyar na kamfe, AFP Action, ya goyi bayan Nikki Haley a zaɓen fitar da gwani, ya kashe fiye da dala miliyan 30, Trump ya kayar da ita har a jiharta ta South Carolina a Fabrairun 2024, washegari reshen ya janye kuɗinsa. Wanda ya ce attajirai biyu suna sayen fadar White House, waɗannan shekarun sun ƙaryata shi.

Ƙarfin ƙungiyar yana wani wuri dabam, a majalisun jihohi da ƙuri'un ƙananan hukumomi, inda mutane ƙalilan ke fitowa kuma babu kyamarar talabijin. Binciken da Theda Skocpol ta Jami'ar Harvard da Alexander Hertel-Fernandez suka wallafa a 2016 ya nuna cewa zuwa 2015 AFP tana da ma'aikata masu albashi kusan 500 a jihohi 34, wato ta fi uwar jam'iyyar Republican ta ƙasa yawan ma'aikata nesa ba kusa ba. Jam'iyya takan farka ne idan zaɓe ya matso, ta koma barci bayan an rantsar. Daraktan AFP na jiha kuwa yana bakin aiki duk shekara. Ya san ranar da kwamitin kasafi zai zauna, ya san ɗan majalisar da ke rawar ƙafa, yana da motar bas da zai cika da magoya baya, yana da kuɗin da zai aika wa kowane gida a mazaɓar mutumin takarda mai hotonsa. Ga kuma kamfanin bayanai na i360 da ke cikin wannan gida, mai adana bayanan masu zaɓe fiye da miliyan ɗari biyu. Ɗan majalisar jiha da aikin majalisar ma na wucin gadi ne a wurinsa, ba shi da ma'aikaci ko ɗaya na kirki, ina zai iya ja da wannan?

Tennessee ɗin dai ta ga misalin da ya fi na jirgin ƙasa ciwo. A farkon 2015 Gwamna Bill Haslam, wanda shi kansa ɗan Republican ne kuma attajiri, ya kawo shirin Insure Tennessee domin amfani da kuɗin tarayya na dokar lafiya ta Obama a ba masu ƙaramin ƙarfi kusan 280,000 inshorar lafiya. Yawancinsu ma'aikata ne, masu aikin gidan abinci da gine-gine da kula da tsofaffi, waɗanda albashinsu ya fi ƙarfin tallafin talakawa amma bai kai sayen inshora ba. Asibitocin jihar sun yi alkawarin ɗaukar kason da ya faɗo wa jiha. AFP ta sa tallace-tallace a rediyo tana ambaton 'yan majalisar Republican da suna, ta cika harabar majalisa da magoya baya sanye da jajayen riguna. A watan Fabrairu wani kwamitin Majalisar Dattawan jihar ya kashe shirin da ƙuri'a bakwai da huɗu, bai ko kai zauren majalisa ba. Tennessee tana cikin jihohin da suka fi rasa asibitocin karkara a shekarun da suka biyo baya. Irin wannan aiki AFP ta yi a jihar Wisconsin a 2011, inda ta tsaya wa Gwamna Scott Walker a kan dokar da ta karya ikon ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan gwamnati, ta kuma sake tsaya masa a 2012 da aka nemi yi masa kiranye.

Inda tambayar maslaha ta fi fitowa fili shi ne batun sauyin yanayi. A 2008 AFP ta zagaya jihohi da katon balan-balan mai tashi sama domin yi wa masu gargaɗin ɗumamar duniya ba'a, ta kuma fito da takardar alkawari da 'yan siyasa ke sa wa hannu cewa ba za su goyi bayan wata dokar yanayi da za ta ƙara wa gwamnati kuɗin shiga ba. Masu riƙe da muƙamai fiye da 400 suka sa hannu. Ƙudurin taƙaita hayaƙi da Majalisar Wakilai ta amince da shi a Yunin 2009, da ƙuri'a 219 da 212, ya mutu a Majalisar Dattawa a shekarar da ta biyo baya. A 2008 ɗan takarar Republican, John McCain, yana da nasa shirin rage hayaƙi. Bayan 'yan shekaru da wuya ka sami ɗan jam'iyyar da zai furta haka a bainar jama'a. Mai matatar mai da bututu da masana'antar taki, wanda kamfaninsa ya biya tarar dala miliyan 30 a shekarar 2000 saboda malalar mai fiye da sau 300, yana da abin da zai rasa idan aka sa wa hayaƙi haraji. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai dai adalci ne a faɗi abin da magoya bayan gidan Koch ke cewa, domin ba maganar banza ba ce. Suna cewa aƙida ce, ba ciniki ba, kuma suna da shaidu. Charles Koch ya daɗe yana sukar tallafin da gwamnati ke ba kamfanoni, har da na man ethanol da kamfaninsa ya riƙa samarwa har zuwa 2021. Ƙungiyoyinsa sun haɗa kai da 'yan Democrat wajen dokar sassauta hukuncin ɗauri ta First Step Act a Disamban 2018. A 2019 gidauniyarsa da ta attajiri George Soros, wanda ke can ɗaya ƙarshen siyasa, suka ba da kuɗin kafa cibiyar Quincy mai adawa da yaƙe-yaƙen Amurka a ƙasashen waje. Na yarda mutumin ya yi imani da abin da yake faɗa. Amma imani da riba ba sa korar juna, kuma a manyan batutuwan da aka fi zuba kuɗi a kansu, wato haraji da makamashi da ƙungiyoyin ƙwadago, su biyun hanya ɗaya suka bi. Dokar harajin 2017, wadda ƙungiyoyin gidan Koch suka ware dala miliyan 20 don tallata ta, ta sauke harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21. Mai zaɓe ne ya kamata ya auna wanne ya rinjayi wanne, kuma ba zai iya aunawa ba idan an hana shi sanin mai magana.

Hujjar sirri ita ce mafi ƙarfi a hannunsu, kuma tana da asali mai daraja. A 1958 Kotun Ƙoli ta hana jihar Alabama tilasta wa ƙungiyar NAACP mai fafutukar 'yancin baƙar fata ta miƙa sunayen membobinta, a zamanin da fitowar sunan mutum na iya jawo masa kora daga aiki ko ƙone gida. A kan wannan hukunci AFP Foundation ta dogara a 2014 da ta kai jihar Kalifoniya ƙara, lokacin Kamala Harris ce babbar lauyar jihar. Kalifoniya tana neman kowace ƙungiyar sadaka ta ba ta, a asirce, sunayen manyan masu ba ta kuɗi domin ta gano zamba. A kotu aka nuna cewa jihar ta yi sakaci har irin waɗannan takardu kusan 1,800 suka fito a shafinta na intanet, aka kuma kawo shaidar barazanar kisa da ake yi wa mutanen ƙungiyar. Ƙungiyoyin da ba sa ga maciji da gidan Koch, irin su ACLU mai kare 'yancin jama'a da asusun shari'a na NAACP da majalisar Musulmin Amurka ta CAIR, suka mara wa ƙarar baya, kowacce tana tunanin nata masu ba da gudummawar. A ranar 1 ga Yulin 2021 Kotun Ƙoli ta ba AFP Foundation gaskiya da alƙalai shida da uku. Mai Shari'a Sonia Sotomayor, a ra'ayin marasa rinjaye, ta yi gargaɗin cewa hukuncin ya sa duk wata dokar bayyana masu ba da kuɗi cikin haɗari.

A ganina tsoron gaskiya ne, amma an shimfiɗa shi ya rufe abin da ba nasa ba. Malamin makaranta a Alabama da ya ba da dala biyu yana buƙatar kariya daga gwamnatin jiharsa. Wanda ya ba da dala miliyan ashirin domin a sauya dokar jiha, shi ne jihar ke buƙatar sanin sunansa. Ana iya sa iyaka a kan adadi, a kare na farko a bayyana na biyu, kuma ba wani abu mai wuya ba ne a rubuce. Abin da ya hana shi ne ɓangarorin biyu suna cin moriyar duhun. A zaɓen 2020 asusun Sixteen Thirty Fund, mai goyon bayan 'yan Democrat kuma mai irin wannan rajista, ya kashe kusan dala miliyan 410. Ƙudurin DISCLOSE, wanda zai tilasta bayyana manyan masu ba da kuɗi, ya gaza da ƙuri'a ɗaya a Majalisar Dattawa a 2010, ya sake faɗuwa a 2022. Hukumar haraji ta IRS kuwa tun bayan rikicin 2013, da aka same ta tana tsananta binciken ƙungiyoyin 'yan riƙau masu neman rajista, ta ja da baya. Tun ƙarshen 2015 majalisa ke saka sharaɗi a dokar kasafi da ke hana ta rubuta sabuwar ƙa'ida a kan siyasar waɗannan ƙungiyoyi, kuma daga 2020 ba sai sun miƙa mata sunayen masu ba su kuɗi ba ko a asirce.

Akwai ɓangaren da ba a cika magana a kai ba, wato abin da baitulmali ke rasawa. Gaskiya ne mai ba ƙungiyar 501(c)(4) kuɗi ba ya samun ragin harajin kuɗin shiga. Amma wata doka ta 2015 ta tabbatar da cewa ba a biyan harajin kyauta a kan irin wannan gudummawa, kuma idan hannun jari aka bayar maimakon tsabar kuɗi, ribar da ya tara shekara da shekaru ba a yanka mata haraji. David Koch ya rasu a Agustan 2019. Mujallar Forbes ta ruwaito a 2023 cewa Charles ya miƙa hannun jarin kamfaninsa na kusan dala biliyan 5.3, wanda ba ya ɗauke da ikon ƙuri'a a kamfanin, ga ƙungiyoyi biyu masu wannan rajista, mafi yawansa ga wata mai suna Believe in People. Ikon kamfani ya zauna a gida, dukiyar ta fita daga lissafin harajin gado, kuma za ta ci gaba da aikin siyasa bayan mai ita. Wani attajirin Chicago, Barre Seid, ya bi wannan hanyar a 2021 da kamfaninsa na dala biliyan 1.6, ya ba asusun da Leonard Leo ke jagoranta, mutumin da ya taimaka wajen zaɓo alƙalan riƙau na Kotun Ƙoli.

Inda aka tambayi jama'a kai tsaye, amsarsu ba ta da ruɗani. A Nuwamban 2022 masu zaɓe a jihar Arizona, jihar da ke rabe kusan biyu tsakanin jam'iyyun, suka amince da ƙuri'ar raba gardama mai lamba 211 da fiye da kashi 70 cikin ɗari. Dokar ta ce duk ƙungiyar da ta kashe sama da dala 50,000 a kamfen na faɗin jiha dole ta bayyana ainihin mutumin da kowace gudummawar da ta haura dala 5,000 ta fito daga hannunsa, komai yawan ƙungiyoyin da kuɗin ya ratsa kafin ya iso. Ta kuma bar ƙofa ga wanda zai iya nuna cewa bayyana sunansa zai jefa shi cikin haɗari. A 2023 AFP da gidauniyarta suka shigar da ƙara a kotun tarayya suna neman a soke ta.